WAIWAYE: Rigimar Ngcuka da Mushwana, da yadda majalisar Afrika ta Kudu ta raba gardama

Waiwayenmu na yau zai kai mu Afrika ta Kudu, shekaru sama da 20 baya. Labari ne na manyan ma'aikatu biyu da tsarin mulki ya kafa domin su tsare gaskiya, sai ga shi sun kama wuyan juna a bainar jama'a, aka ce majalisar dokoki ta zo ta raba. Yadda ta raba ɗin da abin da ya biyo baya shi ne zancenmu. Yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi mu har ƙarshe.

Bari mu fara da gabatar da masu faɗan.

Na farko shi ne babban mai shigar da ƙara na ƙasa. Kun san aikin procureur a nan wajenmu: shi ke duba takardun bincike ya ce wane za a kai gaban alƙali, wane kuma babu hujja a kansa. To a can Afrika ta Kudu akwai mutum ɗaya da ke saman dukan masu wannan aiki. An buɗe ofishinsa a 1998, kuma wanda ya fara riƙe shi sunansa Bulelani Ngcuka. A wancan lokacin a ƙarƙashinsa akwai wata runduna ta masu bincike da ake kira Scorpions, wato kunamu, wadda manyan ƙasar ke tsoron jin sallamarta da asuba.

Na biyu shi ne Mai Kare Jama'a. Shi ne wanda talaka ke kai wa kuka in wata ma'aikatar gomnati ta zalunce shi, ba sai ya ɗauki lauya ba, ba sai ya biya ko dala ba. Asalin irin wannan kujera daga ƙasar Suwidin ne, tun 1809. Faransa ta kafa tata a 1973, mu ma a Nijar mun san ta da sunan Médiateur de la République, kujerar da tsofaffin firaministoci Mamane Oumarou da Amadou Cheiffou suka taɓa riƙewa. A Afrika ta Kudu wa'adin mai kujerar shekara 7 ne, ba a sabuntawa, kuma ba a tsige shi sai da kashi biyu cikin uku na depitoci. Daga 2002 zuwa 2009 Lawrence Mushwana ne ke kanta.

Abin lura, Ngcuka da Mushwana duka ƴaƴan jam'iyyar ANC ne mai mulki, kuma kowannensu ya taɓa zama mataimakin shugaban majalisar larduna kafin a ba shi sabon aikin. Gida ɗaya suka fito.

Kundin tsarin mulkin 1996 ya tsara wanda zai tambayi wa. Mai Kare Jama'a yana kai rahotonsa majalisar dokoki. Ministan shari'a shi ke da alhakin ƙarshe a kan ma'aikatar shigar da ƙara, kodayake ba shi da ikon cewa a kama wane a saki wane. Su kuma ministoci, a ɗaiɗaikunsu da kuma a tare, dole su amsa tambayar majalisa. Kenan in waɗannan biyu suka saɓa, duk hanyoyi majalisa suke komawa.

MAFARIN RIGIMA

A 1999 gomnatin Afrika ta Kudu ta sa hannu kan cinikin makamai na kusan rand biliyan 30: jiragen yaƙi, jiragen ruwa da na ƙarƙashin teku, daga kamfanonin Turai. Ba a jima ba aka fara jin warin cin hanci. Kwamitin majalisa mai bin diddigin kuɗin gomnati ya nemi a yi bincike mai zurfi. Nan ne aka fara ganin iyakar ƙarfin majalisar. Depite Andrew Feinstein na ANC, wanda ya matsa a kan binciken, jam'iyyarsa ta sauke shi daga jagorancin ƴaƴanta a kwamitin a farkon 2001, daga baya a shekarar ya bar majalisa. Shugaban kwamitin, Gavin Woods na jam'iyyar IFP, shi ma ya ajiye muƙaminsa a 2002.

Amma kunamun Ngcuka ba su tsaya ba. Bincikensu ya kai su ga wani ɗan kasuwa na Durban, Schabir Shaik, mai ba mataimakin shugaban ƙasa Jacob Zuma shawara kan harkar kuɗi. Sun samu wata takardar faks ta wani kamfanin makamai na Faransa, Thomson-CSF, wanda yanzu ake kira Thales, da ke maganar biyan rand 500,000 a kowace shekara. Zuma dai tun lokacin har yau yana musanta laifin.

Ranar 23 ga Agustan 2003, Ngcuka ya kira ƴan jarida, ministan shari'a Penuell Maduna na tare da shi. Ya ce za su gurfanar da Shaik. Game da Zuma kuwa, ya ce a kallon farko akwai alamun laifin cin hanci, amma ba za su kai shi kotu ba don ba su da tabbacin za su yi nasara.

Jama'a ku auna wannan magana. An ce ana zarginka da sata a gaban duniya, an kuma ce ba za a kai ka gaban alƙali ba, balle ka wanke kanka. Magoya bayan Zuma suka ce wannan shari'a ce aka yi masa a jarida. Magoya bayan Ngcuka suka ce ai gaskiya ya faɗa wa ƴan ƙasa, da ya yi shiru da an ce ya rufa wa babba asiri.

Makonni kaɗan bayan haka sai ga wani zargi ya fito a jarida cewa wai Ngcuka ɗan leƙen asirin gomnatin wariyar launin fata ne a da. Masu tsaya wa zargin su ne tsohon minista Mac Maharaj da Mo Shaik, ɗan'uwan shi Schabir ɗin. Shugaba Thabo Mbeki ya naɗa alƙali Joos Hefer ya bincika, kuma a Janairun 2004 alƙalin ya ce hujjojin ba su nuna haka ba. Ana cikin wannan ƙura, a ƙarshen Oktoban 2003, Zuma ya kai ƙarar Ngcuka wurin Mai Kare Jama'a.

WANZAMI BA YA SON JARFA

Mushwana ya karɓi ƙarar. Ya nemi bayani daga ofishin Ngcuka, su kuma suka nuna cewa maganar na gaban kotu, don haka ba hurumin Mai Kare Jama'a ba ne. Wasiƙu suka yi ta kai da komo. Mai binciken kowa yau an zo bincikensa, abin bai yi masa daɗi ba.

A ƙarshen Mayun 2004 Mushwana ya miƙa rahotonsa ga majalisa. Bai ce Zuma na da laifi ko ba shi da shi ba, ya ce wannan aikin kotu ne. Abin da ya ce shi ne furucin 23 ga Agusta bai dace ba, ya taɓa mutuncin Zuma da tsarin mulki ya kare, kuma Ngcuka da Maduna ba su ba ofishinsa haɗin kai ba. Ya nemi majalisa ta ɗauki matakin gaggawa ta tuhumi ma'aikatar shigar da ƙara. Ya kuma nemi a zaunar da kwamitin ministoci da doka ta tanada domin ya tsara wa Scorpions ƙa'idar aiki. Wannan shawara ta ƙarshe gomnati kai tsaye ta shafa, don aikinta ne.

Ngcuka da Maduna suka fito suka yi wa Mushwana kaca-kaca a kafafen labarai, da kalaman da suka wuce rahoton suka taɓa shi kansa mutumin. Daga baya sun nemi afuwa kan zafin kalaman, amma ba su yarda da sakamakon rahoton ba.

Sai ido ya koma kan majalisa. A zaɓen Afrilun 2004 ANC ta samu kujeru 279 cikin 400. Maduna, ministan da ya tsaya kusa da Ngcuka ranar furucin, ya riga ya bar gomnati bayan zaɓen, Brigitte Mabandla ta gaje shi. Wanda ya fi cancanta ya amsa tambaya da sunan gomnati ba ya kan kujera.

Majalisa ta kafa kwamiti na musamman. Kwamitin ya tsaya kan rahoton Mushwana, bai sake buɗe bincike ba, ƴan adawa kuma suka koka cewa ba a ba Ngcuka cikakkiyar damar kare kansa ba. A watan Yuni majalisa ta nuna rashin jin daɗinta da furucin na Ngcuka, amma ba ta nemi a cire shi ba. An shafa wa kowane ɓangare mai a baki. Dalili kuwa a fili yake: ANC ta fara rabuwa gida biyu, masu ganin Ngcuka mutumin Mbeki ne da masu bayan Zuma, kuma shugabannin jam'iyya sun fi damuwa da kada ɓarakar ta fito waje.

Manyan tambayoyin sai aka bar su a ƙasa. Shin Mai Kare Jama'a na da ikon binciken yadda mai shigar da ƙara ke aikinsa, kuma ina iyakar ikon? In wata ma'aikata ta ƙi ba shi haɗin kai, mene ne hukuncinta? Abin da ya yanke umarni ne ko shawara ce kawai? Minista kuma, da tsarin mulki ya ɗora masa alhakin ƙarshe, me ya sani, me ya amince da shi? An kashe maciji ba a sare kansa ba.

A watan Yuli Ngcuka ya miƙa takardar barin aiki.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Nan za mu ɗan yi sauri. A Yunin 2005 alƙali Hilary Squires ya samu Schabir Shaik da laifi, aka yanke masa shekara 15. Ranar 14 ga watan Mbeki ya sauke Zuma, daga baya ya naɗa Phumzile Mlambo-Ngcuka, matar shi Ngcuka, a matsayin mataimakiyar shugaban ƙasa. Kun ga yadda zargin siyasa zai ƙara ƙarfi. Wanda ya gaji Ngcuka, Vusi Pikoli, ya shigar da ƙarar Zuma, shi ma aka dakatar da shi a 2007 kan wata rigimar daban, daga baya aka sallame shi da amincewar majalisa. A Disamban 2007 Zuma ya kayar da Mbeki a babban taron ANC na Polokwane, taron kuma ya yanke a rushe Scorpions. Majalisa ta zartar da dokar a 2008. Ranar 6 ga Afrilun 2009 mai riƙon ofishin shigar da ƙara, Mokotedi Mpshe, ya janye tuhumar da ake wa Zuma. Wata ɗaya bayan nan Zuma ya zama shugaban ƙasa.

Shi ma Mushwana bai fita da farin kaya ba. A 2005 ya binciki zargin cewa rand miliyan 11 na kamfanin man gomnati sun bi ta wani kamfani sun shiga asusun ANC gab da zaɓen 2004, ya kuma ce bai ga laifin hukuma ba. Jaridar Mail & Guardian ta kai ƙara, kuma a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da soke rahoton, ta ce binciken bai kai a kira shi bincike ba.

RESHE YA JUYE DA MUJIYA

A 2009 Zuma da kansa ya sa hannu kan naɗin sabuwar Mai Kare Jama'a, lauya Thuli Madonsela. Ranar 19 ga Maris 2014 ta fitar da rahoto kan gyaran gidan Zuma na ƙauyensu Nkandla, aikin da aka ƙiyasta ya ci rand miliyan 246 na gomnati, kusan dalar Amurka miliyan 23 a canjin lokacin, da sunan tsaro. Ta ce akwai abubuwan da ba su shafi tsaro ba: wurin ninƙaya, shingen shanu, akurkin kaji, dandalin taro da masaukin baƙi. Ta ce shugaba ya mayar da wani kaso na kuɗin waɗannan daga aljihunsa.

A nan ne tambayar da aka binne a 2004 ta taso. Gomnati ta ɗauki maganar Madonsela a matsayin shawara. Aka ba ministan ƴan sanda Nathi Nhleko, wanda Zuma ne ya naɗa shi, aikin duba ko Zuma zai biya. A Mayun 2015 ministan ya ce ba a bin shugaba ko sisi. Wurin ninƙayar ma, in ji shi, ma'ajiyar ruwan kashe gobara ce, har da nuna bidiyo. Kwamitin majalisa bai kira Madonsela ta yi bayani ba. A watan Agusta masu rinjaye suka amince da rahoton ministan, duk da ihun depitocin EFF na Julius Malema da suka shafe shekara suna cewa a biya kuɗin.

To jama'a ku haɗa hotunan nan biyu. A 2004 rahoton Mai Kare Jama'a ya yi wa Zuma daɗi, majalisa ta karɓe shi ta ja kunnen mai shigar da ƙara. A 2015 rahoton wannan ofishi ya taɓa Zuma, majalisa ta ture shi ta ɗauki na minista. Tsarin mulkin bai canza ba, jam'iyyar da ke da rinjaye ma ita ce dai. Abin da ya canza shi ne wanda rahoton ya shafa da kujerar da yake kai.

Ƴan adawa, EFF da DA, suka nufi kotun tsarin mulki. Ranar 31 ga Maris 2016 alƙalin alƙalai Mogoeng Mogoeng ya karanta hukuncin da dukan alƙalan suka amince da shi. Kotu ta ce matakin da Mai Kare Jama'a ta yanke a wannan batu ya zama dole a bi, kuma wanda bai yarda ba kotu zai je ta soke shi, ba ya da ikon naɗa wani ya sake masa lissafi. Ta ce shugaban ƙasa ya kasa kare tsarin mulki. Ta kuma ce ita kanta majalisa ta saɓa wa tsarin mulki da ta wanke shi. Shekara 12 kenan kafin a samu amsar tambayar da depitoci suka tsallake a 2004, kuma alƙalai ne suka ba da ita.

Zuma ya biya rand miliyan 7.8 a Satumban 2016. Amma kwana biyar bayan hukuncin, da aka kawo ƙudurin tsige shi, majalisa ta yi watsi da shi da ƙuri'a 233 a kan 143. A Agustan 2017, da aka yi ƙuri'ar yanke ƙauna a asirce, tazarar ta ragu sosai: 198 a kan 177. A Disamban 2017 kotun ta sake cewa majalisa ba ta yi aikinta ba. Wanda ya sauke Zuma a ƙarshe jam'iyyarsa ce, ya yi murabus ranar 14 ga Fabrairun 2018. Wata ɗaya bayan haka aka dawo da tuhumar cinikin makamai, bayan kotuna sun ce janyewar 2009 ba ta da tushe. A Mayun 2021, shekara kusan 18 bayan furucin Ngcuka, Zuma ya tsaya gaban alƙali a Pietermaritzburg ya ce bai aikata ba.

ME YA ƊAURE HANNUN DEPITOCI?

Ba don ba su san doka ba ne, da yawansu ma lauyoyi ne. Tsarin zaɓen ƙasar ne ke da babban kaso. A Afrika ta Kudu jam'iyya ake zaɓa, ita ke jera sunaye, kuma duk wanda jam'iyya ta kora ya rasa kujerarsa. Depite ya san abincinsa na hannun shugabannin jam'iyya, su ne kuma ministocin da ya kamata ya titsiye. Shi ya sa ƙuri'ar asirce ta 2017 ta bambanta da ta fili. Abin da ya samu Feinstein tun 2001 ya isa darasi ga sauran.

Kada kuma mu ɗauka cewa Mai Kare Jama'a kullum shi ke da gaskiya. Wadda ta gaji Madonsela, Busisiwe Mkhwebane, kotuna sun soke manyan rahotanninta da dama, har kotun tsarin mulki ta sa ta biya wani kaso na kuɗin shari'a daga aljihunta a 2019. Majalisa ta tsige ta ranar 11 ga Satumban 2023 da ƙuri'a 318 a kan 43, ita ce ta farko da aka yi wa haka. Mai bincike ma yana buƙatar mai tambayarsa, ko mai shigar da ƙara ne ko mai kare jama'a.

Abin da muka ɗauka daga wannan tarihi shi ne, kafa ma'aikata a takarda abu ne mai sauƙi. Ranar da biyu daga cikinsu suka saɓa ake gane ko majalisa na aiki. Da a 2004 depitoci sun zaunar da Ngcuka, Mushwana, tsohon minista da sabuwa, kowa ya amsa tambaya a gaban jama'a, suka kuma fayyace iyakar ikon kowane ofishi, da wuya wani minista ya tsaya a 2015 ya kira wurin ninƙaya ma'ajiyar ruwan gobara. Sun zaɓi a rufe maganar cikin gida, sai ƙasar ta biya da shekaru na shari'a, da rushewar Scorpions, da shugabannin ofishin shigar da ƙara da har zuwa saukar Zuma babu ko ɗaya da ya cika wa'adinsa na shekara 10. A zaɓen 2024 ANC ta sauko zuwa kujeru 159, ta rasa rinjaye karo na farko tun 1994. Dalilan suna da yawa, amma shekarun Nkandla na cikin abin da masu zaɓe suka tuna.

Wani abu kuma da ya kamata a yaba wa ƙasar: duk wannan rigima a fili aka yi ta. Rahotanni sun fito, jaridu sun buga, alƙalai sun yanke hukunci a kan shugaba mai ci, shi kuma ya biya.

Yanzu sai mu ji daga gare ku. A ganinku, furucin Ngcuka na 2003 faɗin gaskiya ne ko cin mutunci? Kuma da kai ne depite na jam'iyya mai rinjaye ranar da aka kawo rahoton wurin ninƙaya, ka san kujerarka na hannun jam'iyya, ina za ka jefa ƙuri'arka? Ku rubuto mana a ƙasa tare da sunan garinku, za mu karanta wasu daga cikin saƙonnin a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A yi muhawara cikin mutunta juna, banda zagi.

Allah ya ba mu shugabanni masu adalci, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.